Sarkin Jira na Bakin Famfo

Wautar da na yi ƙarama ce, ko da yake wuyana bai yarda da haka ba har yau. Na ɗauke jarkar Inna daga layin famfo, na ajiye dutse a gurbinta. Iyakar abin ke nan. A lokacin gani nake dutse da fasasshiyar jarka duk ɗaya ne, tunda babu mai riƙe ruwa a cikinsu.

Sai na faɗi yadda famfon unguwarmu yake a Gummi kafin a gane girman wautar. Rijiyar burtsatse ce mai aiki da hasken rana, tanki a sama, bakin famfo biyu a ƙasa, ɗaya ya mutu tun ina firamare. Da damina ba mai kula shi, ka zo ka tara ka tafi. Da bazara kuwa, idan rijiyoyin gidaje suka ƙafe, unguwa duka takan dawo kansa, shi kuma ya riƙa zubo ruwa siriri kamar zaren ɗinki. Mutum ba zai iya tsayuwa a layi daga yau har jibi ba, saboda haka kaya ne ke tsayawa a madadin mutane. Kowane gida yana da abin da ke riƙe masa layi: wani tsohon bokiti, wani tukunyar da gindinta ya huje, wani buta mara hanci. Suna nan jere a rana daga bakin famfo har bayan rumfar mai faci. Idan naku ya kai gaba sai a aiko yaro ya kira ku, ku zo da jarkokinku na kirki ku cika, shi kuma abin naku ya koma can ƙarshe ya fara sabon zama.

Mai riƙe da wannan mulki wani tsoho ne da muke kira Baba mai famfo. Makulli a aljihu, sanda a hannu, tabarma a gindin dalbejiya. Da sandar yake tura kayan gaba ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya yi rauni, ba ya gane ni sai na yi magana, kayan layi kuma da hannu yake shafa su ya san na gidan wane ne. A bazarar da nake ba da labari ya kafa doka cewa ba za a ƙara sa sabon kaya a layi ba, domin an kama wani gida da alama uku, har da murfin tukunya. Wanda Baba ya sani shi ne a layi. Wanda bai sani ba ya nemi gulbi.

Tamu jarka ce rawaya wadda rana ta cinye launinta, da tsaga a ciki, da tabon ƙuna a kafaɗa inda ta taɓa jingina da murhu, da shuɗin tsumma ɗaure a hannunta. Ta girmi ƙanwata. Babanmu yana wajen haƙar zinari a Bagega, Inna ba ta fita, ƙanwata kuma ko bokitin wanka sai ta huta sau uku kafin ta kai shi bayi. Ni ne jakin gidan, bambancina da jaki shi ne ni ina zuwa makaranta.

A makarantar ne abin ya samo asali. Malaminmu na zane wani siririn mutum ne mai son aikinsa fiye da yadda aikin yake sonsa. Babu fenti, babu takarda, allon ma ya yi fari har ba a ganin alli a kansa, amma kullum sai ya shigo da sabon tunani. Wata rana ya ce kowa ya zaɓi wuri ɗaya da yake zuwa kullum, ya ƙirƙira masa wata halitta da za ta tsaya a madadinsa, kamar yadda ƙungiyar ƙwallo takan ɗauki zaki ko mikiya. Wanda ya ga halittar ya tuna wurin. Ya ce da Turanci maskot ake cewa, kuma ba a takarda yake so ba, a haɗa da hannu da duk abin da aka tsinta.

Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, in mutum ba ya zuwa ko'ina sai gida hwa?"

"Sai ka haɗa muna tabarma mai minshari," in ji Malam. "Kowa zai gane ka."

Wani ya zaɓi tasha, ya ce ungulu zai yi da jakar kwandasta a wuya. Wani ya zaɓi injin niƙa, zai yi aljani fari fat. Ni ban yi dogon tunani ba. Idan aka tara zaman da na yi a bakin famfo, ya isa a ba ni takardar shaidar gama karatu a can.

Bayan an tashi na biya in ga inda jarkarmu ta kai. Ta matso gaba sosai, da alama gobe ne namu. Na tsuguna a inuwa ina kallonta, ita ma kamar tana kallona. Tsagar cikinta ta ɗan buɗe, sai na ga baki ne sak, bakin wanda ya yi hamma ya manta bai rufe ba. Nan take na ga halittar gaba ɗaya: sarki ne, da rawani da gemu, wanda bai taɓa yin komai a mulkinsa ba sai jira. Sarkin Jira. Na yi dariya ni kaɗai har wata tsohuwa ta matsa da bokitinta.

Baba mai famfo ya tayar da sallar la'asar. Na sunkuya, na zare jarkar, na mirgino wani dutse mai ɗan faɗi na ajiye a wurin. Har na shafa kansa na ce ya riƙe mana amana.

A kangon bayan gidanmu na yi aikin, ƙanwata tana gadi. Maƙwabcinmu ya yi wa ƙofar shagonsa fenti kore, ya yar da gwangwanin da saura a gindi, da shi na shafe jarkar tas, har tabon ƙunar. Na yanke tsumman na jefar. Na ɗora wuƙa a wuta na ƙara faɗin tsagar har hammar ta cika hamma. Idanu murfin kwalba ne, na rufe rabinsu da robar tayar keke don su yi nauyin barci. Gemu zaren buhu ne da na warware, rawani tsohon gidan sauro, takalma kuma silifa biyu da ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Da na ja baya na dube shi, wallahi sai da na yi hamma.

"Yaya, da wa ya yi kama?" in ji ƙanwata.

"Da duk unguwar ga."

"A'a. Da kai ya yi kama, in Inna ta tashe ka da asuba."

Washegari babu makaranta. Inna ta fito da wanki ta tara a tsakar gida, ta wanke randa, ta jera jarkokin kirki a zaure, muna jiran ɗan aike. Rana ta hau, ta tsaya, ta fara karkata. Ba wanda ya yi sallama. Inna ta ce in je in gani ko famfon ne ya lalace.

Famfo lafiyarsa lau. Gidan da ke bayanmu a layi ne suke cika jarkokinsu. Dutsena kuwa na hango shi can gefe, mai tuyar awara ta ɗora kaskonta a kai.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Wa na?"

"Ni na, na gidan mai rawayar jarka."

"Af, jikana. Ashe kun gina rijiya gida ba ku gaya muna ba?"

"Ba mu gina ba, Baba."

"To na shafa ban ji jarkarku ba. Na ce ko kun wadata."

"Na aje dutse a wurin."

"Dutse." Ya juya sandarsa a ƙasa. "Dutsen gidan wa? Garin ga duk duwatsu na. In na karɓi dutse yau, gobe kowa shi taho min da tsauni."

Na koma gida ina shirya labari a hanya. Na ce wa Inna guguwa ce ta taso daga wajen kasuwa, ta tsallake bokitin kowa, ta zaɓi jarkarmu ta yi sama da ita, mutane suna ta salati, an ce an ga ta nufi Bukkuyum. Ina cikin kwatanta tsawon guguwar da hannu sai ga ƙanwata ta fito daga kango rungume da Sarkin Jira, rawaninsa yana jan ƙasa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallonsa.

"Wanga mi na?"

"Aikin makaranta na, Inna."

"Yana shan ruwa?"

"A'a."

"To shi kaɗai ya huta gidan ga." Ta miƙe ta fara kwashe wankin tana mayarwa ɗaki. "Kai yaron ga, mai da min jarkata inda ka ɗauko ta."

Na ɗauke shi haka da rawaninsa na nufi famfo. Kafin in kai, yaran unguwa sun biyo ni kamar ana rakiyar ango, wani har da ganga ta gwangwani. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Masu jiran ruwa suka yi dariya, mai faci ya bar taya ya zo ya faɗi gaisuwa, ya ce ranka shi daɗe, yaushe za a sake muna ruwa. Na ce a raina lallai ni ne na ɗaya a aji.

Baba mai famfo bai yi dariya ba. Ya karɓa ya shafa daga sama har ƙasa. Ya ja gemun. Ya nemi tsumma bai samu ba. Ya kawo ta kusa da idonsa har hancinsa ya taɓa fentin.

"Wagga ba taku ba ta. Taku rawaya ta, da ƙuna a kafaɗa."

"Ita ta, Baba. Kwalliya ta yi."

"Haka mai alama uku ya ce min." Ya miƙo mini. "Kuma ko ita ta, abu mai ido ba ya zama gaban tabarmata. Nan nike salla. Kawo min wadda na sani, ba fuska."

Sai mako mai zuwa za a kai aikin makaranta. Na yi lissafina na yara: in daure har Malam ya gani ya ba ni maki, sannan in kankare. Na ce wa Inna ta ba ni 'yan kwanaki, ni zan riƙa ɗebo ruwa daga gulbi. Ruwan 'yan garuwa dama ba na gidanmu ba ne, sai ranar suna ko rasuwa.

"Wuyanka na," in ji ta. "Amma kada rana ta faɗi kana bayan gari."

Wanda bai san gulbinmu da bazara ba, zai ɗauka ruwa ne ke gudu. Rairayi ne, fari, mai zafin da zai gasa masara. Sai ka tsuguna ka tona rami da kwano har hannunka ya shige zuwa kafaɗa, sannan ka zauna ka jira ruwa ya tsatso. Wato na gudu daga layi na zo wani layin, wannan kuma ba jarkar da za ta yi mini zama. Makiyaya suna can gaba da nasu ramukan, shanunsu suna zuwa su leƙa nawa kamar masu duba aiki. Ruwan yakan fito kalar kunun kanwa. In cika jarka kwano-kwano, in ɗora a ka, in kama hanya. Hanyar da safe gajeriya ce, da dawowa kuwa wani ne yake jan ta daga can ƙarshe. Ina da yaƙinin na rage tsawo a makon nan. Wandon makarantata da ya ɗage sai ga shi yana share ƙasa.

Da asuba sawu ɗaya kafin makaranta, da yamma sawu biyu. A aji nakan ɗora kai a benci in ji ruwa yana motsi a cikin kunnena. Malamin lissafi ya tashe ni ya tambaye ni amsa, na ce masa bai tsatso ba tukuna. Inna tana tace ruwan da ɗankwali, ta jefa alif, ta bar shi ya kwanta, duk da haka shayi yakan fito da ɗanɗanon kofato. Wankin da ta mayar ɗaki yana nan ya zama tudu. Takan yi wa ƙanwata wanka a cikin baho da kwano guda, ta ɗauki ruwan bahon ta wanke tukwane, abin da ya rage ta ba kaji. Ba ta ƙara yi mini maganar jarka ba. Sarkin Jira yana zaune a zaure, duk sanda na shigo da kaya a ka sai mu haɗa ido, shi yana hamma ni ina haki. Na fara tsanarsa kaɗan-kaɗan.

Wata yamma na dawo sawu na biyu, na sauke a zaure ina murza wuya, sai na ji muryar Inna a jikin katanga tana magana da maƙwabciyarmu. Muryar ta yi ƙasa, irin wadda ban san ta da ita ba.

"Ko kwano guda na famfo, don yarinyar ga. Cikinta na murɗawa tun jiya."

"Haba, mi a ciki. Miƙo kwanon." Na ji ƙarar moɗa a randa. "Ina mai zanen naku? An ce sarki ya naɗa muku, ku da ba ku da ruwan alwala."

Inna ta yi 'yar dariyar da ba dariya ba, ta yi godiya har sau uku. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta roƙi ko gishiri ta kan katangar nan ba. Na tsaya a zaure har ta shiga ɗaki, don kada ta san na ji.

Washegari na sa Sarkin Jira a buhu na kai shi makaranta tun ranar ba ta zo ba. Na samu Malam a ofis shi kaɗai yana fifita da littafi. Na zare buhun. Ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido.

"Famfo ke nan," ya ce, tun ban faɗa ba. "Ya yi. Aje shi bisa kabad. Duk ayyukan nan za su zauna har ƙarshen zango, ranar da iyaye za su taho su gani. A ranar ake ba da maki."

Ƙarshen zango damina ce. 

"Malam, ba ya iya zama. Yana da aiki."

Na ba shi labari duka, ban ƙara ko guguwa ɗaya ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Ya saurara yana kallon rufi.

"Ba ka samun wata jarkar ka sake?"

"Malam, duk fasasshiyar jarkar da ke garin ga tana layi. Fentin ma ya ƙare."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ni ma butata na can layin unguwarmu, tun shekaranjiya ba ta motsa ba." Ya sake duban sarkin. "Na gani da idona, ba ni cewa ba ka yi ba. Amma abin da ba ya kan tebur ranar nuni ba ya shiga gasa. In na yi maka, sai kowa shi ce nasa na gida yana aiki. Ɗauki abinka."

A kangon da na naɗa shi, a nan na tuɓe shi. Na cire rawani, na tsige gemu, na ɓamɓare idanu ƙanwata ta kwashe. Fentin ne ya ƙi. Na goga da rairayi, na goga da toka, na roƙi kalanzir kaɗan a murfin kwalba wajen mai faci. Wanda ya yi fentin nan Allah ya saka masa, ƙofar maƙwabcinmu za ta kai jikokinsa. Yatsuna suka yi ja suka fashe. Na bar sauran jikin na dage a kafaɗa har tabon ƙunar ya fito, da ɗan fili rawaya kewaye da shi kamar tafin hannu. Tsumman kuwa na neme shi har cikin juji, ashe ƙanwata ce ta tsince shi ta yi wa 'yar tsanarta zane. Sai da na ba ta rawanin gaba ɗaya kafin ta sake shi.

Na kai wa Baba mai famfo da yamma, ba rakiya, ba ganga. Ya shafa hannun ya ji tsumma. Ya bi kafaɗa da babban yatsa ya tsaya a kan tabon, ya daɗe a wurin. Ya shafa inda idanu suke ya ji ba komai. Sannan hannunsa ya faɗa cikin tsagar har wuyan hannu.

"Bakinta ya ƙaru."

"Hamma take, Baba."

"To ta zo gidansu." Ya nuna da sanda can bayan rumfar mai faci. "Ƙarshe. Kuma jikana, in makaranta ta ce a ƙera wani abu, ka ɗauki hularka."

Na kai ta na ajiye bayan wata tukunya mara gindi. Daga wurin ko tankin ba a gani sosai. Ban bar zuwa gulbi ba sai da layi ya zagayo kanmu, kuma bai yi sauri don ni ba. Ranar da ɗan aike ya yi sallama, Inna ta yi wanki har igiya ta tsinke, ta cika kwanon maƙwabciya ta miƙa mata ta kan katanga kafin kowa ya sha a gidan.

Ranar nuni ungulun tasha ce ta zo ta ɗaya. Ni Malam ya ba ni makin da ya tsallakar da ni da ƙyar. Jarkar tana nan a layi har bana, rabi kore rabi rawaya, yara suna ce mata sarki, kuma ni ne dai nake ɗaukar ruwan.